Lambobin Ƙirjin Dama

Sunan da ke jikin lambar yabon yaƙin ba na mahaifinta ba ne.

Glenda ta sake juya ta a hasken tagar kicin, tsohon buroshin haƙori a ɗaya hannun, kumfar sabulu tana gangarowa cikin hannun rigarta ba ta ko ji ba. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, an buga su a kaurin bakin lambar, wurin da ido ba ya zuwa sai an aike shi. Ta ce wa mijinta ya miƙo mata tabaransa. Trevor, wanda ke zaune yana goge baƙaƙen takalmansa na zuwa jana'iza, ya ce ai ya daɗe yana faɗa mata ta je a auna idonta, taurin kai ya hana. Ta ɗora tabaran a hancinta, ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta laluba kujera ta zauna.

"L. Garbutt," ta ce. "Trevor, wane ne L. Garbutt?"

Sunan mahaifinta Cyril Teasdale, kuma jibi za a binne shi.

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san lambobin nan guda biyu, ɗaya mai ƙyalle rawaya da shuɗi, ɗaya mai siraran zane shuɗi da fari. Kowace shekara a watan Nuwamba, ranar Lahadin tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, Cyril zai fito cikin baƙar kwat da jan furen takarda a wuyanta, lambobin suna ƙara a ƙirjinsa, ya bi sahun tsofaffin sojoji daga ƙofar coci zuwa dutsen da aka sassaƙa sunayen matattu. Tun ana haƙar kwal a garin nan yake wannan tafiya, har aka toshe ramin aka shuka ciyawa a kansa, sahun ya yi ta raguwa, shi bai taɓa fashi ba. Sojan ƙasa ne, ya yi yaƙin Koriya tun gemu bai fito masa ba. Iyakar abin da kowa ya sani ke nan, domin idan an tambaye shi labarin can, amsarsa ɗaya ce, wai akwai sanyi. Mu kuwa mutanen nan, in mutum ya ce maka akwai sanyi, sai ka ce lallai kam, ka koma zancen ƙwallo. Mukan tambayi maƙwabci lafiyar karensa sau goma kafin mu tambaye shi tasa.

A cikin wani tsohon gwangwanin taba lambobin suke kwana, kuma shi kaɗai ke taɓa su. Ko marigayiya matarsa, wadda babu abin da ya tsira daga tsummanta na goge-goge a gidan nan, ba ta taɓa buɗe gwangwanin ba. Ranar ce ta farko da wani hannu ya wanke su.

Trevor ya karɓi lambar ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta ta, ya sake matso da ita, kamar hakan zai canza rubutun. Ya ce wataƙila tun farko soja ne suka cakuɗa kaya, ai aikinsu ke nan. Ya ce ko kuma tsohon ya ɓatar da nasa ne ya sayi wasu a kasuwar tsofaffin kaya, kunya ta hana shi faɗa. Yana cikin wannan maganar muryarsa ta mutu, domin su biyun sun tuna abu ɗaya. Shekarun baya, a garin da ke gaba da mu, an yi wani dattijo da ya daɗe yana jan gaba a faretin Nuwamba, ƙirji cike da lambobi, sai wasu samarin sojoji suka tare shi a bainar jama'a suka yi ta jefa masa tambayoyi, ashe ko ƙofar bariki bai taɓa shiga ba. Suka ɗauki hotonsa a waya suka watsa wa duniya. A ƙasar nan ka saci kuɗin coci a yafe maka, amma ka rataya lambar da ba ka sha wuyarta ba, har jikokinka sai sun ji a jikinsu. Mutumin nan sai da ya sayar da gidansa ya bar yankin.

"Kar ka faɗa," in ji Glenda.

"Ban ce komai ba."

"Fuskarka ta ce."

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne, da ta soma lissafi a zuci, komai sai ya zauna daidai. Babu hoton mahaifinta ko ɗaya cikin kakin soja a gidan. Ba ya zuwa liyafar tsofaffin sojoji, fareti kawai, yana ƙarewa ya wuce wurin tantabarunsa. Sannan ga halin mutumin. Wane irin soja ne wannan da ba ya iya murɗe wuyan tantabarar da ta yi ciwo, sai dai ya kira surukinsa, shi kuma ya zagaya bayan keji ya toshe kunne? Wane irin soja ne za a ƙwanƙwasa masa ƙofa, ko da wane lokaci ne, ya buɗe kawai, bai taɓa cewa wane ne ba? Mahaifiyarta ta yi faɗan nan har ta gaji, tana cewa wata rana sai ɓarawo ya zo ya yi sallama ka ba shi kujera. Ga kuma abin da ya fi ba su dariya tun suna yara: idan waya ta yi ƙara ya ɗauka aka yi shiru, ba zai ajiye ba. Zai tsaya a tsakar gida da kan wayar a kunne, yana cewa a hankali, ina jin ka, babu gaggawa, ina nan. Sai ya daɗe a haka, shayinsa ya huce, matarsa tana harararsa daga kicin. Glenda ta ce a ranta, wannan bawan Allah bai taɓa riƙe bindiga ba.

Sai wayar ta yi ƙara da gaske, har ta zabura. Mista Pattinson ne, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji ta yankinmu, mutumin kirki amma mai bin diddigi, irin wanda ke karanta takardar magani tun daga sama har ƙasa. Ya ce komai ya kammala, an samu mai ɗaukar tuta, an samu mai busa begila, wato ƙahon soja, ga kuma ɗan matashin jan karammiski da za a ɗora lambobin a kan akwatin gawa. Abin da ya rage ta kawo masa su gobe da safe ya canza musu ƙyalle, don na yanzu sun koɗe. Ta ce to. Ta ajiye wayar.

Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da zai iya ce mata e ko a'a. Wilf Coulthard, abokin mahaifinta tun suna firamare, wanda aka ce tare suka tafi tare suka dawo, yanzu yana gidan kula da tsofaffi a kan hanyar birnin Durham. Trevor ya kai ta bayan abincin rana. Tsohon direban bas ne, har yau in ya ga mutum a bakin titi sai ƙafarsa ta nemi birki, amma ranar Glenda ba ta yi masa tsiyar tuƙinsa ba. Gwangwanin tabar yana kan cinyarta, ta danne shi da tafin hannu.

Sun tarar da Wilf a kujerarsa ta guragu kusa da taga, bututun iska a hanci, yana tsokanar ma'aikaciyar jinya wai ta sace masa alewar na'a-na'a. Jiki ya ƙare, baki yana nan. Ya ce wa Glenda ta yi ƙiba, ya ce wa Trevor har yanzu ba a kama shi da laifin tuƙin kunkuru ba? Ya ce an yi masa alkawarin za a tura shi jana'izar jibi, ko da likita zai yi bori. Da ta buɗe gwangwanin ta miƙa masa lambar, da yatsa a kan sunan, sai duk wasan ya zube daga fuskarsa. Bai ma duba rubutun ba. Ya ce wa Trevor ya je ya nemo musu shayi, kuma kada ya yi sauri.

"Kawu Wilf, ka faɗa mini gaskiya ko da za ta kashe ni. Babana ya je yaƙin nan ko bai je ba?"

"Ya je, 'yar nan. Da ma bai je ba."

Ta sauke wani dogon numfashi, har ta soma murmushi. Wilf ya ɗaga mata hannu, alamar kada ta yi saurin murna. Ya tambaye ta a wane ɓangaren ƙirji mahaifinta yake maƙala lambobin. Ta ce a dama mana, ai abin dariyar gidansu ne, bahago ne, da hagu yake riƙe fil, shi ya sa suke sauka a dama. Wilf ya ce to ita da ta yi shekara da shekaru tana zuwa fareti, a ina matan da mazansu suka mutu suke maƙala na mazan nasu? Ta san wannan, kowane yaro a garinmu ya sani: wanda ya ci lamba da guminsa a hagu yake sa ta, saitin zuciya, wanda kuwa ya gaji ta ɗan'uwansa da ya mutu a dama yake sa ta, don kowa ya san ba tasa ba ce.

"Ubanki bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba," in ji Wilf. "Fiye da shekara sittin yana faɗa wa garin nan gaskiya da rana tsaka, a ƙirjinsa. Babu wanda ya tambaya."

Ta ce ai babanta ba shi da ɗan'uwa namiji. Ya ce ta gyara zama.

Leonard Garbutt, in ji Wilf, Lenny suke ce masa, a gidan marayu ya tashi, bai san uwa ba bai san uba ba. Siririn yaro ne mai manyan kunnuwa, ga i'ina mai tsanani. Idan kalma ta maƙale masa sai ya yi ta buga ƙafa a ƙasa, yana jan wuya, kafin ta fito. Ranar da suka shiga bariki, saje yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wa za a sanar idan mutum ya mutu. Da aka zo kan Lenny sai ya kama buga ƙafa, sajen ya shiga kwaikwayonsa, ɗaki ya ɗauki dariya. Cyril ne ya ɗaga murya daga ƙarshen layi ya ce a sa sunansa, ƙanensa ne, uwa ɗaya uba kowa da nasa. Ƙarya ce tsagwaronta, ranar suka fara ganin juna. Amma saje ya rubuta, kuma abin da soja ya rubuta ya zauna. Daga nan Cyril ya zama bakin Lenny. A layin abinci shi ke ce masa a ƙara dankali, a gaban hafsa shi ke ƙarasa masa magana, har ana tsokanarsu cewa in Lenny ya sami budurwa, Cyril ne zai yi zancen.

Sai aka kai su kan wani tsauni a can Koriya, cikin ramuka, a bayan waya mai ƙaya. Sanyin da mahaifinta yake faɗa gaskiya ne, shayi yakan daskare a kofi kafin ya kai baki. Wata rana aka fitar da 'yan sintiri gaban waya, da Lenny a cikinsu, suka yi karo da abokan gaba, aka tarwatse. Kowa ya dawo ban da shi. Cyril ya ƙi ci, ya ƙi runtsawa, ya roƙa a ba shi gadin ramin da ke fuskantar hanyar da Lenny zai biyo in yana da rai, don ya zama shi zai fara ganinsa. Aka ba shi, aka haɗa shi da Wilf. Doka kuwa a fili take, kuma kwanaki kaɗan kafin nan abokan gaba sun yanka masu gadin wani rami saboda sun yi sakaci da ita: duk wanda ya tunkaro, a tsayar da shi a nemi kalmar sirri ta ranar, in bai faɗa ba a harbe.

Gari ya soma wayewa, farin hazo ya rufe gangaren. Sai ga mutum ya ɓullo daga cikinsa, sanye da irin rigar audugar nan mai kauri ta abokan gaba, da hularsu mai rufe kunne. Daga baya aka gane tasa rigar ta yage a waya, ya tuɓe ta wata gawa don kada sanyi ya kashe shi. Cyril ya daka tsawa ya ce tsaya, wane ne. Mutumin ya tsaya. Ba amsa. Ya sake kira. Ba amsa.

Wilf ya ja iska ta bututu.

"Na ji shi, Glenda. Na ji yana buga ƙafa a kan ƙanƙara. Kunnena ya ji, kaina bai gane ba sai da bindiga ta tashi. Ubanki gwanin harbi ne, sau ɗaya ya harba."

Glenda ba ta yi kuka ba. Ta zuba wa bakin tsohon ido tana jiran ya ce wasa yake, tun da shi komai wasa ne. Can cikin falo wata tsohuwa tana neman a canza mata tasha a talabijin, wani yana tura keken kwanuka, duk tana ji kamar daga ƙarƙashin ruwa. Awa biyu da suka wuce tsoronta shi ne mahaifinta bai taɓa riƙe bindiga ba. Ta dubi hannuwanta, irin nasa ne sak, gajerun yatsu masu faɗin farce, sai ta tura su ƙarƙashin cinyoyinta.

Wilf ya ci gaba, domin wanda ya riƙe magana tsawon wannan zamani in ya kwance ta ba ta tsayawa. Ya ce Cyril ne ya ɗauko gawar Lenny a kafaɗa ya shigo da ita. Hafsansu, wani yaro ne shi ma, ya rubuta cewa Lenny ya faɗi a fagen fama, ya ce musu su biyun su ɗinke bakinsu, doka aka bi, ba laifin kowa. Suka ɗinke. Suka dawo gida, suka koma ramin kwal. Can wata safiya Cyril yana karyawa, sai ga mai kai wasiƙu da ɗan ƙunshi. Lambobin Lenny ne, an aiko wa yayansa, da gaisuwar ta'aziyya.

"Shi suka aiko wa?" ta ce, muryarta kamar ba tata ba.

"Wa za su aiko wa? Shi ya ce a sa sunansa."

Ta tambayi nasa lambobin. Ya ce ranar da na Lenny suka zo, Cyril ya sa nasa a aljihu ya sauka ramin kwal da su, ya hawo babu su. Suna can ƙarƙashin ciyawar da yara ke buga ƙwallo a kai. Ta tambaya ko mahaifiyarta ta sani. Ya ce ta san akwai wani abu, mace ba ta kwana da mutum shekara hamsin ba ta ji abin da yake faɗa cikin barci ba, amma ba ta tambaya ba, shi ma bai faɗa ba, haka suka yi zamansu lafiya. Su biyun ma, shi da Cyril, sun sha giya tare kusan kowace Juma'a ta rayuwarsu, ba su taɓa ambaton safiyar nan ba ko sau ɗaya.

"Wayar nan," in ji Glenda a hankali. "Idan aka kira aka yi shiru."

Wilf ya gyaɗa kai ya kawar da fuska wajen taga.

Da ma niyyarta, in an gama addu'a, ta sa lambobin cikin akwati a binne shi da su. Da ta faɗa, Wilf ya ce wannan kuma ita da zuciyarta, shi ba zai ce komai ba. Amma da ta tambaye shi a wane gari aka sassaƙa sunan Lenny a dutse, sai ya ce gari kan sassaƙa sunan ɗansa ne, shi kuwa Lenny ɗan wane gari ne? Gidan marayun ma an rushe shi, an yi wurin ajiye motoci. Kabarinsa yana can Koriya, bai san wanda ya taɓa zuwa ba. A iya saninsa, a duk faɗin ƙasar nan, wurin da sunan yaron nan yake shi ne bakin wannan ƙarfen da ke hannunta.

Trevor ya dawo da shayi uku a faranti, ya dubi fuskar matarsa, ya ajiye farantin. A mota ta ce ya tsaya a gefen hanya. Ta fita ta dafa shingen wata gona, ta sunkuya. Tumaki suka ɗago suka dube ta suka ci gaba da kiwonsu. Da ta dawo ta zauna, sai ta ce masa, idonta a kan titi, "Babana ya kashe mutum, Trevor. Ƙanensa ya kashe." Trevor ya ce wane ƙane kuma. Ta faɗa masa duka, tun daga saje har mai kai wasiƙu, da murya shimfiɗaɗɗiya kamar tana karanta labarin wasu. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya riƙe sitiyari da hannu biyu, motar a kashe. Can ya ce, duk tantabarun nan da na murɗe masa, ashe. Bai ƙarasa ba.

Washegari ba ta kai wa Mista Pattinson komai ba. Ta kira shi ta ce a bar ƙyallayen yadda suke. Ya ce amma sun koɗe. Ta ce ta sani. Yinin ranar ta yi shi tana shiga ɗakin mahaifinta tana fita, ta ɗauki hularsa ta ajiye, ta buɗe ƙofar gida ta rufe. Ta ji haushinsa, haushi mai zafi, da ya bar ta ta girma a gida ɗaya da wannan abu ba ta sani ba. Ta ji tausayinsa har ƙirjinta ya yi ciwo. Amma abin da ya fi yawa shi ne mamaki, duk abin da ta taɓa a gidan sai ta ga kamar yau ta fara ganinsa.

Ranar jana'iza aka tashi da yayyafi. Cocinmu ƙarama ce, ta cika, saboda Cyril ba shi da abokin faɗa. Tuta ta rufe akwatin, ga ɗan matashin jan karammiski a kai, babu komai a kansa. Mutane suka lura, suka dubi juna, kuma kamar yadda muka saba ba wanda ya ce komai. Mista Pattinson yana ƙofa yana duba agogo, mai begila ya makara, mai tuta yana tambayar inda zai tsaya, sai ga Glenda ta shigo da Trevor, yana tura keken Wilf. Lambobin biyu suna kan baƙar rigarta, a dama, da koɗaɗɗun ƙyallayensu.

Fuskar Mista Pattinson ta saki. Ya ce ashe ita za ta sa, madalla, haka ya dace, 'ya ta ɗauki na mahaifinta, kuma ta sa su a inda ya kamata.

"Ba nasa ba ne," in ji Glenda. "Na baffana ne. Ƙanensa."

"Cyril yana da ƙane? Ban taɓa ji ba. Yaya sunansa?"

Ta buɗe baki. Tun shekaranjiya take maimaita sunan a zuci, a kicin, a mota, a kan matashi, amma yanzu da aka nema sai ya tsaya mata a maƙogwaro. Harshenta ya hau ganɗa ya ƙi saukowa. Ta ja numfashi ta sake gwadawa, leɓɓanta suna rawa, ba abin da ya fito. Daidai nan mai begila ya shigo a guje yana kakkaɓe ruwa daga hularsa. Mista Pattinson ya dafa hannunta, ya ce babu komai, sa yi magana daga baya, ya juya zai tafi.

Wani busasshen hannu ya fito daga ƙarƙashin bargo ya cafke gefen kwat ɗinsa.

"Dakata mana," in ji Wilf. "Bari ta gama."

Mista Pattinson ya dubi tsohon, ya dubi agogonsa, ya sauke hannunsa. Ya tsaya yana jira.